Kuɗin kwangila muke biya, wulaƙanci ake ba mu

A makon jiya wuta ta ɗauke a Garwa da ke arewacin Kamaru, ta dawo da ƙarfi, ta ƙone babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan shagonmu na sari: shinkafa, sukari, mai, sabulu, da bashin da ke kan kowane ɗan kiri. Hankalina bai tashi ba, domin duk shekara maigida yana zuba wa wani kamfani na Duwala kuɗi, kuma kowane dare ana ɗaukar kwafin ajiya. Aka sayo sabuwar na'ura, ma'aikacinsu ya shiga ta intanet daga can, ya mayar da kwafin, ya turo saƙo wai aiki ya kammala.

Muna da reshe a Marwa da wani a Kuseri, kuma tun farko don a haɗa su aka sayi manhajar: in buhu ya fita a nan, can ma ya ragu a allo. Wannan haɗin ne ya mutu, ba wata alama. Sai da wani dattijo da ya daɗe yana ciniki da mu ya biya kuɗin sukari a Marwa, ya ɗauko mota ya zo sito, ya tarar tuni an sayar da kayan. Ya tsaya yana juya rasit a hannu, 'yan dako suna kallonsa. Ni aka tura in ba shi haƙuri.

Kafin in kira su, na samo wani yaron unguwarmu da ya karanta kwamfuta a jami'ar Ngawundare ya duba. Manhajar a kan SQL Server take, wato tsarin rumbun bayanai na kamfanin Microsoft. Microsoft da kansu sun rubuta cewa in ka mayar da kwafi a kan wata na'ura mai wani suna daban, saitin aika bayanai zuwa rassa ba ya biyo shi, dole a sake gina shi. Ma'aikacin kamfanin nan kuwa sabon suna ya ba na'urar. Sannan akwai rumbunan gefe, distribution da msdb da master, da ya kamata a riƙa ɗaukar kwafinsu tare. Duk shekarun nan ko ɗaya ba su taɓa ɗauka ba.

Na kira, na gaishe shi da ladabi. Na ce, "Ɗan'uwa, tun da ka mayar da kwafin, rassanmu sun daina ganin juna."

Ya ce, "Bayananku sun dawo ko ba su dawo ba?"

Na ce a Garwa kaɗai suka dawo.

"To abin da aka ce in yi ke nan." Ina jin yana tauna abinci, cokali yana buga faranti.

Na ce kwangilarmu ta haɗa da rassa. Ya yi dariya, ya ce, "Alaji, wannan ba cinikin albasa ba ne. Ba za ka gane ba. Ku rubuto sabuwar buƙata a yi muku farashi."

Na haɗiye. Na ce, "Ka canza wa na'ura suna, ba ka sake gina haɗin ba, ba ka kuma gwada ko reshe ɗaya ba kafin ka ce ka gama. Wanne ne ban gane ba a ciki?"

Cokalin ya tsaya. Sai ya ce, "In kun iya aikin, me ya sa kuke damunmu?" Ya kashe waya.

Damu! Kuɗinmu ba ya damunsu ran biya. Ka ɓata aiki da hannunka, ka nemi a biya ka gyaran ɓarnarka, ka ɗora da gori? Albasar da kake rainawa, ita ake lodawa daga Marwa zuwa tukunyar gidanku.

Amma wa ya ba shi fuska? Gwamnatin da ta bar mu a haka. Madatsar Lagdo tun 1982 take, megawat 72 aka gina ta da shi, kuma ita ce ƙashin bayan wutar yankunan Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru. Rani ya yi, ruwan Binuwai ya ja baya, sai rabon wuta unguwa unguwa, na'urori suna ƙonewa, ba mai biyan kowa diyya. An gina madatsar Nachtigal mai megawat 420 a kudu, mu kuwa shekara da shekaru maganar haɗa layin wutar kudu da namu muke ji. Yau in za a daidaita lissafin Kuseri da hannu, sai mutum ya bi hanyar Mora zuwa Dabanga, kowa ya san halinta. Haraji kam ba ya ɓatan hanya.

Mu ma da namu. An kafa jami'ar Marwa tun 2008, yaranmu suna fitowa da takardu suna tuƙa babur, alhazanmu kuwa ba su yarda da aiki sai ya fito daga Duwala ko Yawunde. Yanzu magatakardanmu uku suna karanta wa juna lambobi ta waya, buhu buhu, cikin wannan zafi. Na faɗa wa maigida gaba da gaba: ko su gina haɗin ba tare da ƙarin ko dala ba, ko a karɓe kwangilar a ba yaran gida.