Kafin ka miƙa takardar neman aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Bayin Allah biyu na ƙwarai sun taɓa neman muƙami, aka ba ɗaya, aka hana ɗaya. Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, domin shi mai tsarewa ne, masani, kamar yadda ya zo a aya ta 55 ta Suratu Yusuf. Shi kuwa Abu Zarr (RA), duk da gudun duniyarsa, da ya roƙi Manzon Allah (SAW) ya ba shi muƙami, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce masa shi mai rauni ne, kuma abin amana ne, ranar alƙiyama ƙasƙanci ne da nadama, sai ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa ya sauke nauyin da ke kansa. Muslim ne ya ruwaito.

Wa ya isa ya yi shakkar imanin Abu Zarr? Aikin ne bai dace da yanayinsa ba.

To, kai mai neman aiki, me ya ja ka zuwa wannan gurbin? Son albashi ba laifi ba ne. Annabi Musa (AS) ma ya yi shekaru yana yi wa dattijon Madyana aiki bisa yarjejeniya. Amma 'yar dattijon ta faɗi dalilin ɗaukarsa: mai ƙarfi, amintacce. Ka san ranka ba ya jure hayaniyar yara, ka karɓi koyarwa don dai a ce kana da abin yi. Ka san lissafi na gundurarka, ka zauna kan kuɗin jama'a. A gaban masu tantancewa kowa ya haddace amsa mai daɗi, wannan kam mun iya. Bayan 'yan watanni sai zuciya ta tona asiri: makara, ƙorafi, kallon agogo tun kafin azahar, yaran mutane kuma su ne ke kwana a ciki.

Kai kuma da aka ɗauka jiya-jiya, ɗokin farko zai huce, niyyarka ce za ta rage tana tashinka da safe. Ka gyara ta tun yanzu: neman halal, da amfanar waɗanda aikinka zai shafa. Abin da ba ka iya ba ka tambaya, kada kunya ta sa ka ɓata amana. In ka yi iya ƙoƙarinka, ka yi istihara, ka ga har yanzu kujerar ba taka ba ce, ka nemi canji cikin mutunci, kafin ka saba cin albashin aikin da ba ka yi.