Zinaren Amritsar ya zo ne daga baya

Duk sanda hoton wannan ginin na zinare da ke tsakiyar ruwa a birnin Amritsar na ƙasar Indiya ya zagayo a Facebook, tambayoyin mutanenmu ba sa wuce biyu: wai da gaske zinare ne, kuma nawa zai yi in an sayar? Wasu ma cewa suke ɗakin gumakan Hindu ne. Wannan yana damuna, domin zinaren daga baya ya zo wurin, kuma a ganina shi ne mafi ƙarancin muhimmanci. Wurin ya haura shekara 200 ana ibada a cikinsa kafin a lulluɓe shi da zinaren da muke gani.

Sunansa Harmandir Sahib, masu shi kuma sun fi kiransa Darbar Sahib. Na mabiya addinin Sikh ne, waɗannan masu rawani da gemu da muka saba gani a finafinan Indiya muna ɗauka ko Musulmi ne ko Hindu. Ba ko ɗaya ba ne. Addininsu ya faro da Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 a yankin Punjab. Sun yarda Allah ɗaya ne, kuma babu gunki ko guda a ɗakin ibadarsu. Ni Musulmi ne, aƙidata daban tasu daban, kuma ba na neman gauraya su. Amma sanin mutane ba bin su ba ne, kuma akwai abin da wannan gini yake faɗa wanda ya cancanci a saurara.

Tafkin ne ya riga ginin. Guru Ram Das, jagoransu na huɗu, shi ya sa aka haƙa shi wajajen 1577, gari ya taru a gefensa. Ɗansa Guru Arjan, jagora na biyar, shi ya gina ɗakin ibadar a tsakiyar ruwan. A nan ne hikimar take. A al'adar ƙasar, wurin bauta kan tudu ake ɗora shi, mai zuwa ya hau matakala yana ɗaga kai. Guru Arjan ya yi akasin haka, ya ajiye nasa ƙasa da sauran gari. Har gobe duk wanda ya shigo daga titi sai ya sauka, sarki ne ko mai shara. Sannan ya yi masa ƙofa huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa. Wanda bai san Indiya ta wancan zamani ba zai ce ai ƙofa ce kawai. To, ƙasa ce da aka raba mutane gida-gida tun daga haihuwa, har akwai waɗanda ake ganin taɓa su ƙazanta ne, ba su isa su ɗebi ruwa a rijiyar manya ba, balle su taka wurin ibada. A irin wannan ƙasa mutum ya buɗe ƙofa ta kowace fuska ya ce kowa ya shigo, ya kuma haƙa tafki ɗaya ya ce kowa ya yi wanka a ciki, ai ya gama wa'azinsa da tubali ko bai buɗe baki ba.

Riwayar da ta shahara a bakin Sikh ita ce, Guru Arjan ya gayyaci Mian Mir na Lahore ya aza tubalin farko. Mian Mir waliyyi ne Musulmi, Baƙadire, ɗan ɗarikar nan ta Shehu Abdulƙadir Jilani da muka sani a Kano da Sakkwato. Abin da ke rubuce kuma kowa zai iya dubawa shi ne littafinsu. Da Guru Arjan ya tattara shi aka ajiye a ɗakin a 1604, ya sa baitocin Shehu Farid, sufi Musulmi, da na Kabir masaƙi, da na Ravidas wanda aikin fata ne sana'ar gidansu, sana'ar da aka fi rainawa a lokacin. Wannan littafi, Guru Granth Sahib, mai shafi 1430, shi ne a tsakiyar ɗakin, shi suke ɗauka a matsayin jagoransu tun bayan rasuwar guru, wato jagora, na goma a 1708. Tun kafin asuba ake ɗauko shi a kafaɗa cikin wata 'yar rumfa mai ado da furanni, a bi ta gadar da ta ratsa ruwan a kai shi mazauninsa, da dare a mayar da shi makwanci. Mutane kan yi layi don kowa ya samu ya sa kafaɗarsa ko da taku biyu ne.

Tarihin wurin ba na kwanciyar hankali ba ne. An kashe Guru Arjan a Lahore a 1606, zamanin Sarki Jahangir. Ɗansa Guru Hargobind ya rataya takobi biyu, ɗaya na addini ɗaya na mulki, ya kuma gina Akal Takht daura da ɗakin ibadar, inda har yau ake yanke manyan hukunce-hukuncen al'ummar. A 1757 dakarun Ahmad Shah Abdali na Afganistan suka keta alfarmar wurin, a 1762 ya dawo ya tarwatsa ginin da albarushi, aka cika tafkin da ɓaraguzai da mushe. Wannan aiki ba abin da Musulmi zai yi alfahari da shi ba ne, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. Cikin shekara biyu Sikh suka dawo, Jassa Singh Ahluwalia ya jagoranci sake ginin a 1764.

Sai a ƙarni na 19 Maharaja Ranjit Singh, da ya kafa daular Sikh yana mulki daga Lahore, ya ƙawata wurin. Ƙasan bangon farin mabul ne da aka fafe aka cusa duwatsu masu launi, suka fitar da furanni da tsuntsaye, irin aikin da ke jikin gine-ginen Mughal, sarakunan Musulmi da suka mulki Indiya. Saman kuma faranta ne na jan ƙarfe da aka shafe da zinare, aikin da aka yi wajajen 1830. Ƙubbar tana da siffar furen bado da aka kifa. A ciki rufin cike yake da zane da gutsattsarin madubi. Yana da kyau, ba musu. Amma a gefen tafkin akwai tsofaffin bishiyoyin magarya, irin tamu sak, waɗanda suka girmi duk wannan ado, kuma a gindinsu za ka ga mutane sun fi daɗewa a tsaye.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne ɗakin girki. Suna kiransa langar, kuma Guru Nanak ne ya fara shi. Dubun-dubatar mutane ke cin abinci a nan kullum, dare da rana, kyauta. Ba a tambayar sunanka, ba a tambayar addininka, ba a kallon tufafinka. Ka cire takalmi, wani ya karɓa ya ajiye maka, wataƙila ma ya goge shi kafin ka dawo, kuma mai yiwuwa wannan mai gogewar likita ne ko attajiri da ya zo hidima. Ka rufe kanka, ka taka ta cikin ruwa ka wanke ƙafa. A ɗakin cin abinci a miƙo maka farantin ƙarfe, ka zauna a ƙasa cikin sahu kafaɗa da kafaɗa da wanda ka tarar. Mai rabon gurasa ya iso, sai ka haɗa tafukanka biyu ka tara, ya saka maka. Attajiri ma haka zai tara hannu. Wani ya biyo da bokitin miyar wake, wani da shinkafa da madara. Kuna tashi masu goge ƙasa sun shigo, sahu na gaba na jira. A waje ga tsofaffin mata zaune suna ɓare tafarnuwa, ga dogon layi na masu wanke faranti, ƙarar ƙarfe ba ta yankewa. Mafi yawansu ba wanda ya ɗauke su aiki.

Mu ma muna ciyarwa, musamman da azumi, kuma Allah ya saka wa masu yi. Inda nake ganin sun sha gabanmu shi ne, a can mai bayarwa da mai karɓa tabarma ɗaya suke zama. Ba a ware wa talaka bakin ƙofa, babu mai ɗaukar hotonsa riƙe da leda. Kuma ba na wata ɗaya ba ne a shekara, ɗaruruwan shekaru ke nan tukunyar tana kan wuta.

Wannan halin na yi da hannunka shi ya bayyana bayan masifar 1984. Wani malamin Sikh mai suna Jarnail Singh Bhindranwale da mayaƙansa sun tare a harabar da makamai, a watan Yuni Firaminista Indira Gandhi ta tura soja har da tankokin yaƙi. Lokacin ya zo daidai da ranakun tunawa da kisan Guru Arjan, wurin cike da maziyarta. Ɗaruruwa suka mutu ko a ƙidayar gwamnati, Akal Takht ya ragargaje, ɗakin karatun da ke ɗauke da tsofaffin rubuce-rubucen hannu ya ƙone. Tara makamai a wurin ibada laifi ne, buɗe masa wuta da igwa alhali bayin Allah na ciki shi ma laifi ne. A ranar 31 ga Oktoba masu gadin Indira Gandhi biyu 'yan Sikh suka harbe ta, kwanakin da suka biyo aka kashe 'yan Sikh kusan 3000 a Delhi kaɗai. Gwamnati ta yi sauri ta gyara Akal Takht. Sikh suka ƙi karɓa. A 1986 suka rushe gyaran, suka sake gini da aikin gayya, kowa da kwandonsa a ka. Haka ma idan tafkin ya cika da laka, kamar a 1923 da 1973, jama'a ce ke shiga ta yashe shi.

Sai dai ina da ƙorafi biyu. Wannan zafin nama na gyara ya cinye tsofaffin zane-zane a wuraren ibadarsu da dama, an kankare bangon da ya shekara ɗaruruwa an manna mabul sabo fil, su kansu masana tarihinsu suna kokawa. Na biyun ya fi ciwo. Abokin tafiyar Guru Nanak, Bhai Mardana, Musulmi ne mai kaɗa rabab, wani abin kiɗa mai tsirkiya, kuma tsatson irinsa sun ci gaba da rera baitoci a Darbar Sahib ƙarni bayan ƙarni. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947 akasarinsu suka tsallaka Lahore, tafiyar kilomita 50 kacal, kuma ƙa'idar yau ba ta bar wanda ba Sikh ba ya rera a cikin ɗakin. Wurin da ya adana baitocin Shehu Farid bai kamata ya rasa mazauni ga jikokin Mardana ba, kuma ina fata shugabannin kwamitin da ke kula da shi za su sake duba wannan ƙa'ida.