Ranar da na kusa ƙona gidanmu saboda mainin

Wallahi duk wanda yace min yana so ya fara mainin na gaske, wato haƙo kuɗin intanet irin su Bitcoin da inji, abu na farko da nake tambayarsa shi ne wace irin waya aka ja a ɗakinsa, sai kaga ya miƙo min wayar hannunsa, nace ba wannan ba malam, wayar wuta. Nima haka nake kafin abin da ya same ni.

Bayan mun gama wahalar dangwale a 2024, wato danna fuskar waya don tara kuɗin kirifto, yatsa ya yi kanta ba a samu ko kuɗin data ba, sai wani abokina yace ai mu wasa muke, manyan 'yan kirifto inji suke ajiyewa yana haƙo musu Bitcoin suna barci. Kalmar nan "suna barci" ita ta cuce ni. Ga shi an mayar da layinmu Band A, wato wutar awa 20 a rana a takarda, nace shikenan ta faɗi gasassa. Na sayar da mashin ɗina na ƙara da kuɗin adashe na sayi injin haƙo Bitcoin mai suna Antminer S19 na hannu. A jikinsa an rubuta 3250W ƙarara, na gani da idona, amma na ɗauka lambar kamfani ce irin ta bayan talabijin.

Na shigo da shi shagona da daddare kamar mai shigo da amarya. Igiyoyin wuta biyu gare shi, ni kuma soket ɗaya ne a ɗakin, sai na jawo ekistenshan ɗina mai ido huɗu wanda cajar wayata da fanka suke kai, na cusa duka biyun na yi bismillah na kunna.

Jama'a ƙara! Fankoki huɗu ne a jikinsa, da suka tashi gaba ɗaya sai kace jirgin alhazai ne zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Umma ta fito da ɗankwali a hannu tana salati, tana cewa wa ya kawo mana injin markaɗe ƙarfe goman dare. Nace Umma kuɗi yake bugawa. Tace kuɗin jabu? A gidan nan? Kafin in gama mata bayanin cewa lissafi yake yi a intanet ana biyansa sai na ji ƙauri, irin na roba in ta faɗa murhu. Ina waiwayowa ekistenshan ya lanƙwashe kamar alewa a rana, hayaƙi na fita, sai ji kake fat! gidan gaba ɗaya ya yi duhu. Ƙanina daga tsakar gida yana ihu an ɗauke an ɗauke, alhali fitilar maƙwabta tana nan tar.

Washegari na kira mai gyaran wutar unguwarmu, dattijo ne, mutumin da baya ɗaga murya amma in ya kalle ka ta saman tabarau sai ka ji ka koma ɗan firamare. Ya duba takardar jikin injin yace yaro ka yi boko ko? Nace eh Baba. Yace to raba 3250 gida 230. Na danna a waya, 14 da ɗoriya. Yace to amfiya 14 kenan yake ja ba hutawa, soket ɗin bangonka 13 ne iyakarsa, shi kuma wannan na roba da ka saya a bakin titi ko 10 ban yarda ya ɗauka ba. Yace ka ƙaddara dutsen guga uku ka jona ka tafi ka bar su dare da rana, har da ɗan ƙari. Wai irin wannan sai an ja masa layinsa shi kaɗai daga mita, waya mai kauri 4mm da birekarsa daban, kuma abin da ke aiki awa 24 ba a cika masa layi taf, sai an bar sarari. Na tambaye shi nawa, ya faɗa, na ɗan yi shiru na tuna mashin ɗina.

Amma an riga an shiga ruwa, na biya aka ja. Na sa katin dubu biyar a mita, wajen yunit 24 ya bani tunda yunit ɗin Band A ya haura naira 200, kwanaki muke yi da shi a gidanmu in ba a kunna hita ba. Na kunna bayan azahar, ana idar da sallar isha'i mita ta fara kuka ƙit ƙit ƙit. Awa bakwai kacal. A lokacin ne na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun mashin yana hannuna: yunit uku da kwata duk awa, sau 24, yunit 78 a rana, sama da dubu 16 kullum. Na buɗe manhaja in ga abin da ya haƙo, wallahi sifirin da ke bayan ɗigo sai da na sa yatsa na ƙirga. Ashe tun Afrilun 2024 aka raba ladan da ake ba masu haƙo Bitcoin biyu, daga Bitcoin 6.25 ya koma 3.125, shi yasa masu tsofaffin injina suke ta rabuwa da su, ni kuma na je na karɓa ina godiya har da cewa Allah ya saka.

Zafin kuwa ba a magana. Duk wutar da ya sha zafi take komawa, ga watan Afrilu a Kano rana na dukan 40, ɗakina ya zama gidan burodi, ƙadangare ma ya daina shigowa. In aka kawo lo-karant kuma ya yi zuciya ya mutu don baya aiki ƙasa da bolt 200. Ranar da aka ɗauke wuta na ce bari in gwada ɗan janaretonmu, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba, ya yi tari sau biyu ya girgiza ya mutu kamar an shaƙe shi, har yau in za a tayar da shi sai an lallaɓa. Mai sola kuma da na je wajensa ya danna kalkuleta yace fanel mai wat 500 sai ya haura talatin banda batiran dare, ya tambaye ni rufin gidan namu fili nawa ne.

Yanzu dai injin yana cikin kwalinsa a lungun kicin, na sa shi a kasuwa wata uku, duk wanda ya kira sai na ji ina tambayarsa wayar ɗakinsa, sai ya fasa. Kazar Umma ce ta samu saman kwalin ta mayar wajen saka. Jiya da safe Umma ta leƙo shagona da kwano a hannu tace, kai mai Bitcoin, injinka ya haƙo ƙwai bakwai, a soya maka ko a bari ta kwanta?