Akwalar da ake yi wa hoto

Asabar ɗin da ta wuce maƙwabcina, wani dattijon masunci, ya ce in raka shi duba taru a tafkin Great Slave, nan Yellowknife a arewacin Kanada. Sanyi ya kai digiri 35 ƙasa da sifili. Tafkin ya daskare kamar daɓe, har mota na bi ta kansa zuwa ƙauyen Dettah.

Da ya buɗe rumfa sai na ga wata aba mai ƙusumbi kamar buzuzu, da ƙananan tagogi zagayayyu irin na jirgin ruwa. Babu tayar gaba, sai wasu faifai biyu masu sulɓi a kan ƙanƙara, baya kuwa sarƙa ce irin ta katafila, injin ma a baya yake. Bombardier B12 ke nan, mai cin mutum 12. Ya ce tasa ta shekarun 1950 ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Wanda ya ƙirƙiro ta, Joseph-Armand Bombardier, ɗansa ne ya rasu a hunturun 1934 saboda dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, shi ya sa ya duƙufa wajen ƙera motar da za ta iya tafiya a kan dusar ƙanƙara.

Muna tsakiyar tafki ta yi tari sau biyu ta mutu. Gabana ya faɗi. Dattijon ko a jikinsa. Ya cire safar hannu, ya kwance bututun mai, ya hure ƙanƙarar da ta toshe shi, ya mayar, yatsunsa sun yi fari fat. Minti goma ta tashi. Da muka dawo gaɓa, wasu baƙi masu zuwa kallon hasken nan da ke rawa a sama da dare suka kewaye shi, kowa na roƙon hoto da shi da motarsa.

Na tura hoton gurup ɗin gidanmu. Ƙanena ya rubuto: "Yaya, ashe can ma akwala kuke hawa?" Aka yi ta dariya. Ni kam abin ya sosa mini rai.

Ai ba motar kaɗai ba ce. Kamfanin Buffalo Airways, wanda aka kafa a 1970, ya yi suna ne da jiragen zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, su DC-3 da C-46, masu kai kaya garuruwan da titi bai kai ba, su sauka a filin tsakuwa. Ga kuma ƙaramin jirgin nan Beaver, wanda ya fara tashi a 1947: da rani a ɗaura masa kwale-kwale biyu a ƙafa ya sauka a ruwa, da hunturu a sa masa faifan sulɓi. A lulluɓe injin da bargo, a hura masa zafi kafin ya yarda ya tashi. Ba wanda ke jin kunyarsu. Mai gyaransu kuwa, in ya shiga gidan shayi, har matsa masa kujera ake yi.

Na sani, su mutanen Kanada komai a rubuce yake, awa nawa inji ya yi, yaushe aka canja kusa kaza. Mu kuma akwai gyaran "a dai kai gida", kuma ya ci rayuka. Ban musa ba. Amma basira ɗaya ce, wallahi. Wanda ya riƙe Fijo 504 shekara talatin tana zirga-zirgar Kaduna zuwa Birnin Gwari, da kayan Panteka da abin da ya ƙera da hannunsa, me wannan dattijon ya fi shi? Wa ya taɓa neman hoto da shi?

Kawuna, wanda ya riƙe ni, bakanike ne. Da baƙin man nan ya biya mini makaranta. Ranar ziyara ya zo mini da ƙuli-ƙuli da gari a cikin tsohuwar Fijonsa, sai da yara suka tura ta kafin ta tashi. Wani ya tambaye ni ko wane ne, na ce direban gidanmu ne. Ina zaton bai ji ba. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, kuma na duba wayata kaf daren jiya, ba ni da hotonsa ko ɗaya a gareji.