Akodiyon ɗin Yammacin San Antoniyo da Masu Cewa Asarar Kuɗi Ce

Jama'a barkanmu da war haka. Yau maganata a kan wata cibiya ce da ke jihar Teksas ta Amurka, kuma ba zan ɓoye inda na tsaya ba: ina ganin duk dalar da aka kashe wajen riƙe ta, ta shiga inda ya dace. Sunanta Guadalupe Cultural Arts Center, tana yammacin birnin San Antoniyo, an kafa ta a 1980. Aikinta shi ne ta cika shekara da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo da fina-finai da adabi da zane-zane na mutanen da asalinsu ke Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Ba kamfani ba ce mai neman riba. Cibiyar unguwa ce, kuma babban zaurenta wani tsohon gidan silima ne da aka buɗe a 1942 a kan titin Guadalupe.

Akwai masu cewa irin waɗannan wurare ɓarnar kuɗin jama'a ne, mai son kiɗa ya kunna wayarsa, mai son rawa ya tafi gidan biki. Da su nake magana.

Sai an san su wane ne mutanen nan kafin a yanke hukunci. Da yawa daga cikin masu jin Sifaniyanci a kudancin Teksas ba baƙi ba ne. Teksas yankin Meziko ce har 1836, ta shiga Amurka a 1845, yarjejeniyar 1848 kuma ta damƙa wa Amurka sauran manyan filayen arewacin Meziko. Wato kakannin wasunsu ba su zo Amurka ba, Amurka ce ta zo ta same su a gida. Wasu kuma sun biyo baya, musamman lokacin juyin juya halin Meziko da ya ɓarke a 1910. Yammacin San Antoniyo nan aka cusa talakawansu. A 1938 ma'aikata kusan 12,000 masu ɓare 'ya'yan itacen pekan, yawancinsu mata, suka shiga yajin aiki saboda an rage musu ɗan abin da ake biyansu, ƙarƙashin jagorancin wata budurwa 'yar shekara 21 mai suna Emma Tenayuca. Tun 1918 dokar Teksas ta wajabta koyarwa da Ingilishi kaɗai a makarantun gwamnati, aka daɗe ana hukunta yara don an ji sun yi harshen iyayensu a makaranta, ba a sassauta dokar ba sai a 1969. Iyayen gundumar Edgewood, a wannan yammacin dai, sun kai ƙara kan yadda makarantun unguwar talakawa ke samun kuɗi ƙasa da na unguwar masu hali, Kotun Ƙoli ta kayar da su a 1973, alƙalai 5 suka rinjayi 4.

To mutanen da aka yi wa haka, shekara 7 bayan wannan hukunci, suka buɗe wurin da yaransu za su hau dandamali su yi waƙa da harshen da aka doki iyayensu a kansa. Wanda ya kira wannan shaƙatawa kawai, bai karanta tarihin unguwar ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a jadawalinsu shi ne kiɗan conjunto, kuma a nan zan daɗe. Kiɗa ne na kayan kiɗa biyu tun asali: akodiyon mai maɓallai, abin kiɗan da ake ja ana matsawa da hannu biyu iska ta ba da sauti, wanda Jamusawa da 'yan Cek da suka zauna a Teksas da arewacin Meziko a ƙarni na 19 suka shigo da shi tare da rawar folka, da kuma bajo sexto, wata ƙatuwar jita mai tsirkiya 12. 'Yan ƙwadagon gonakin auduga suka karɓi akodiyon suka mayar da shi nasu. Narciso Martínez, wanda ake kira uban wannan kiɗa, ya fara ɗaukar faifai a 1936 tare da Santiago Almeida. Amma shekaru da yawa kiɗan ba shi da daraja, har a wurin masu shi. Wanda ya ɗan yi boko ya samu aikin ofis sai ya koma sauraron manyan ƙungiyoyin masu busa ƙaho sanye da kwat, ya ce conjunto na ƙauyawa ne da 'yan mashaya. Mu Hausawa mun san wannan hali sarai: a yi rawa da gogen mutum a gidan biki, gari ya waye a ce ba za a ba ɗansa aure ba saboda gidan makaɗa ne.

A 1982 cibiyar Guadalupe ta fara bikin Tejano Conjunto Festival, Juan Tejeda ne ya assasa shi, ana yin sa a watan Mayu, mafi yawan kwanakinsa a filin shaƙatawa na Rosedale da ke yammacin birnin. Bikin ya yi suna, har daga Japan da Turai makaɗa na zuwa. Sai dai ni ba taron ne ya fi burge ni ba. Abin da ya fi burge ni ɗakin koyarwa ne. Valerio Longoria yana cikin waɗanda suka canja fasalin conjunto bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ana danganta masa shigar da ganguna cikin kiɗan da kuma haɗa shi da rera waƙa sosai, gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma ta masu riƙe fasahar gargajiya a 1986. Wannan dattijo ya shafe kusan shekara 20 na ƙarshen rayuwarsa yana koyar da akodiyon a cibiyar, ya rasu a 2000. Ku duba fa. Kafin nan, idan ba a gidan makaɗa aka haife ka ba, sai dai ka leƙa ta taga kana kallon yatsun mai kiɗa. Da aka buɗe aji, yaron da ubansa birkila ne, yarinyar da uwarta wanki take yi a otal, kowa ya samu hanyar zama gaban gwani. Kuma maganar 'yan mata ba ƙarama ba ce, domin akodiyon ya daɗe a hannun maza, mata irin su Eva Ybarra sai da suka yi da gaske kafin a ba su wuri.

Waya ba ta yin wannan. Za ka iya kallon bidiyon Flaco Jiménez dare da rana, gwanin akodiyon ne ɗan San Antoniyo, ya ci lambobin Grammy, ya yi kiɗa har da shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Birtaniya Rolling Stones, ya rasu a 2025 yana da shekara 86. Amma bidiyo ba zai kama hannunka ya ce ka sassauta jan iska ba. Shi kansa Flaco a gaban mahaifinsa Santiago Jiménez ya tashi. Da zarar irin waɗannan dattawa sun ƙare ba tare da sun zauna da yara ba, faifai ne zai rage, kuma faifai ba ya haifar makaɗi.

Shi ya sa nake ganin darajar jadawalin shekara ba ta cikin girman sunan da aka gayyato. Tana cikin maimaituwa. Mutumin unguwa ya san Mayu akwai conjunto, ya san akwai CineFestival, bikin fina-finan Latino, wato masu asalin Latin Amurka, da aka fara tun 1976 wanda ya fi kowane irinsa daɗewa a Amurka, ya san farkon Nuwamba akwai bikin tunawa da mamata, ya san kowane mako akwai ajin rawa da na kiɗa. Yaron da ya yi wata 8 yana atisaye yana da ranar da zai nuna abin da ya koya gaban kakarsa. Idan babu wannan rana, atisayen kan mutu a hanya. Idan kuma babu atisayen, bikin zai koma hayar baƙi su zo su yi wasa su karɓi kuɗinsu su tafi, unguwa ta tashi da kujeru a warwatse.

Na san cikin masu karanta ni akwai waɗanda ba su yarda da kiɗa da rawa ba bisa fahimtarsu ta addini, kuma bukukuwan nan ba sa rasa giya, bikin mamata ma ba aƙidarmu ba ce. Ban zo in halatta wa kowa komai ba. Mutanen nan yawancinsu Kiristoci ne 'yan Katolika, al'adarsu suke yi a ƙasarsu. Abin da nake aunawa shi ne ko al'ummar da aka daɗe ana dannewa tana da haƙƙin ta samu zauren da za ta riƙe kayanta, kuma amsata eh ce.

A ɓangaren rawa ina da ƙorafi, kuma ba kan Guadalupe kaɗai ba, kan yadda yawancin cibiyoyin Latino ke tsara abin. Rawar da aka fi nunawa ita ce folklórico, wadda Amalia Hernández ta gyara wa dandamali da ƙungiyar da ta kafa a birnin Meziko a 1952. Mata da faffaɗan siket mai launuka suna juya shi, maza da manyan malafuna, salon jihar Jalisco. Abin kallo ne ƙwarai, yara kuma suna koyon horo da haƙuri a cikinsa. Guadalupe na koyar da shi tare da flamenco na Sifaniya. Damuwata ita ce hoton da ya fi sayuwa yana danne sauran. Gabar Veracruz nan ce tashar da aka sauke dubban bayi daga Afirka, kuma kiɗan yankin, son jarocho, da ake bugawa da ƙafa a kan dandamalin katako, yana ɗauke da jinin Afirka tare da na Sifaniya da na 'yan asalin ƙasa. A ƙidayar Meziko ta 2020 mutum kusan miliyan 2.5 suka bayyana kansu a matsayin masu asalin Afirka. Bomba ta Puerto Rico ma kiɗan ganga ne da ya fito daga gonakin rake na bayi, inda mai rawa ke jan makaɗi ba makaɗi ke jan mai rawa ba. Duk jadawalin da ya kira kansa na Latino amma baƙar fata ba ta bayyana a cikinsa sai a matsayin ɗan ƙari na minti 5, ya rage gaskiya. Ina so in ga an ba waɗannan cikakken dare nasu, da malaminsu, da ajinsu.

Wasan kwaikwayo shi ne ƙafar da ta fi rauni, kuma dalilin a fili yake. Kiɗa da rawa ba sa tambayar wane harshe kake ji, wasan kwaikwayo kuwa sai da baki. Jikokin waɗanda aka hana Sifaniyanci a makaranta da yawansu yanzu Ingilishi ya fi musu sauƙi, wasu ma suna jin kunyar buɗe baki gaban tsofaffi. Amma gadon yana nan. A farkon ƙarni na 20 San Antoniyo cike take da 'yan wasan tanti masu yawo gari-gari, irin su Carpa García, suna ba talaka dariya da habaici kan halin da yake ciki. A 1965 kuma Luis Valdez ya kafa El Teatro Campesino a Delano ta jihar Kalifoniya lokacin yajin aikin masu tsinkar inabi, ma'aikatan gona da kansu suke hawa bayan motar ɗaukar kaya su kwaikwayi mai gona da ɗan kwangila da mai karya yajin aiki. Daga wannan jijiya wasan cibiyoyin unguwa ya tsiro. Ni ina tare da masu barin 'yan wasa su cakuɗa harsunan biyu a jimla ɗaya, domin haka ake magana a ɗakunan girkin unguwar. Masu cewa sai tsantsar Sifaniyanci suna korar yaran da aka gina wurin dominsu.

Sauran magana ta kuɗi ce. San Antoniyo na da mutum sama da miliyan 1.4 a ƙidayar 2020, kusan kashi 64 cikin 100 Latino ne. Birnin na cin abinci da yawon buɗe ido, baƙi na tururuwa zuwa tsohon ginin tarihi na Alamo da gefen kogin tsakiyar gari, suna cin abincin Meziko, 'yan mariachi, makaɗan gargajiyar Meziko, na yi musu kiɗa a gefen teburinsu. Kuɗin da birnin ke tallafa wa ƙungiyoyin fasaha da su, daga harajin kwanan otal mafi yawansu ke fitowa. Wato al'adar mutanen yamma ce ke jawo baƙon, hannun mutanen yamma ne ke gyara masa gado, to idan wani yanki na harajin ya koma yamma don a koyar da yaran da za su riƙe wannan al'ada gobe, ina ɓarnar take? Ba sadaka aka ba su ba, kasonsu ne.

Masu cewa a bar kasuwa ta yi aikinta su tuna cewa kasuwa ta san mawaƙiya Selena, wadda ta cika filin Astrodome na Houston a 1995 kafin a kashe ta a wannan shekarar, amma kasuwa ba ta taɓa biyan dattijo albashi don ya zauna da yara 10 da yamma yana gyara musu yatsu ba. Ribar wannan aiki ba ta fitowa a shekarar da aka yi shi.

Abin da nake tsoro a gaba shi ne tsadar gidaje. Unguwannin da ke kusa da tsakiyar birane a Amurka, da zarar sun yi suna da zane-zanen bango da bukukuwa, sai masu kuɗi su fara saye, haraji da haya su tashi, 'yan asalin wurin su koma bayan gari. Hakan ya faru a gabashin Austin da unguwar Mission ta San Faransisko. Idan ya faru a yammacin San Antoniyo, zauren zai iya ci gaba da cika amma da wasu mutane dabam. Don haka ma'aunin da zan riƙa duba jadawalinsu da shi ba yawan tikitin da aka sayar ba ne. Zan duba kuɗin shiga, ko mai aikin otal zai iya kawo iyalinsa. Zan duba kuɗin aji, da ko akwai akodiyon na aro ga yaron da gidansu ba za su iya saya ba, domin mai kyau yana cin ɗaruruwan daloli, wani ma dubbai. Zan kuma duba cikin waɗanda suka hau dandamali a bana, mutum nawa ne suka fara koyo a cikin ginin.