Kainuwar Kisumu da kududdufan kuza

Ranar Asabar na je bakin ruwan Dunga a nan Kisumu ta ƙasar Kenya in sayi karfasa, sai na tarar babu ruwan. Kai ka ce filin ƙwallon Rwang Pam na Jos aka shimfiɗa a kan tafki, kore shar, da furanni shuɗi-shuɗi iya ganinka. Kwale-kwale sun maƙale, masunta 'yan ƙabilar Luwo sun kife bokitai sun zauna, mata masu suyar kifi sun kashe wuta. Iskar dare ɗaya ce ta turo kainuwa cikin wannan lungu na Tafkin Victoria da suke kira Winam.

Wata 'yar jami'a na gefe da ɗan jirgi marar matuƙi, bai wuce faifai ba. Ta tashe shi, ya yi ta kukan zuma a sama, ya sauko, ta nuna min allo. Kainuwa ta fito ja wur, ruwa baƙi ƙirin. Wai kyamarar na ɗaukar wani haske da ido ba ya gani: ganye mai rai yana mayar da shi, ruwa kuwa haɗiye shi yake yi. Tafkin ya fi ƙarfin jirginta, don haka take haɗawa da hotunan Sentinel-2, taurarin ɗan'adam na Turai da ke sake ɗaukar wuri duk kwana 5, kuma kyauta. Ciyawar da ke ninka kanta cikin mako biyu ai sai da irin wannan sa ido.

Da ta ji ni ɗan Najeriya ne, sai ta ce, "Ku ma kun san wannan aikin?" Har da 'yar dariya.

Jama'a, abin ya sosa min rai. Mu da muka harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 tun 2003, 'yan Kenya kuwa nasu Taifa-1 sai 2023! Cibiyar ƙasa ta nazarin hotunan sama ma a garinmu Jos take. Kainuwar kuma ba baƙuwarmu ba ce, tun 1984 ta shigo ta Badagry. Muna cewa kainuwa dashen Allah, amma wannan irin daga kogin Amazon mutane suka yaɗa ta saboda kyan furenta. Ban da kachalla, wadda kun fi ni sanin yadda ta toshe hanyoyin ruwan Haɗeja da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Challawa.

Abu ɗaya zan ba 'yar jami'ar nan. Ta juya allon ta nuna wa wani tsohon masunci inda kainuwar ta bar ƙofa. Shi ke nan. A ilimi ba su kama ƙafarmu ba, ko a gaban wa zan faɗa.

Sai dai da na koma gida, ba kainuwa ce ta hana ni barci ba. Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin saman Jos da ke Heipang ya leƙa ta tagar jirgi ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, birjik daga Bukuru har Barikin Ladi. A ɗaya daga ciki abokina ya nutse muna aji biyar na firamare, mun je wanka bayan Islamiyya. Bakinsa iya gwiwa, taku uku sai rami. Da yarinyar nan za ta ara min jirginta na wata guda, can zan kai shi.