Gaba goma sha biyu ba jahilci ba ne

Kun dai ga bidiyon nan tun shekaranjiya, ba sai na sake ɗora shi ba. Dattijo a bakin rijiya yana gwada igiya da hannuwansa, gaba ɗaya, gaba biyu, har goma sha biyu, yaro riƙe da waya yana ce masa, "Baba, mita nawa ke nan?" Abokansa na ƙyalƙyala dariya. Wallahi raina ya ɓaci. Irin waɗannan tsofaffi su suka haƙa rijiyar da aka yi wa yaron wankan haihuwa da ruwanta, yau kuma an mai da su abin nishaɗi a Facebook.

Gaba awo ce, tana da lissafinta. Taƙi biyu kamu ɗaya, kamu huɗu gaba ɗaya. Tsohon nan ya san igiyar da zai saya, ya san inda zai tarar da damshi, bai taɓa riƙe tef ba kuma rijiyarsa ba ta rufta ba. Me mita za ta ƙara masa?

Ku da kuke ganin awon Bature daga sama ya sauko, ku je ku bincika. Ƙafar da ake yanka muku fuloti da ita, faɗi hamsin tsawo ɗari, sunanta a kanta yake, ƙafar mutum ce. Inci tun asali ƙwayar sha'ir uku ce a jere, kuma har gobe lambar takalmi a Ingila tazarar ƙwayar sha'ir ɗaya ce tsakanin lamba da lamba. Eka ita ce gonar da shanun huɗa za su nome a yini guda. Matuƙan jiragen ruwansu ma da gaba suka daɗe suna auna zurfin teku, buɗin hannu biyu, ƙafa 6. Gabar Baba ce dai sak. A 1958 ɗaliban jami'ar MIT a Amurka suka riƙa kwantar da abokinsu Oliver Smoot a kan wata gada ta Boston, yana tashi suna sa alama, suka ce tsawon gadar Smoot 364.4 ne da kunne guda. Tsawon mutumin ƙafa 5 da inci 7. Har yanzu ana sabunta fentin alamomin, shi kuma daga baya ya shugabanci hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO. Su suna alfahari da nasu, mu muna yi wa namu tsiya.

Na san za a ce hannun wani ya fi na wani tsawo. Na ji. Mai rijiya da mai igiya a gaban juna suke, hannu ɗaya ake gwadawa da shi, kowa ya gani ya yarda. Ba a nan ɓarnar take ba.

Ɓarnar tana bakin buhu. Buhun masara kwano 40 ne, wajen kilo 100, kwano ya kama kilo biyu da rabi ke nan. Kowa ya san wannan, daga Dawanau har Maigatari. To a watan jiya na raka gwaggona wata kasuwar ƙauye da buhun gero wanda ni na auna shi a gida, arba'in cif. Mai awo ya zauna, ya cika kwano ya yi masa tozo, ya tare gefe da hannu, gero na zuba a bayan tafinsa yana shiga buhunsa. Aka tashi da 35. Ta ce, "Ɗan nan, ji tsoron Allah." Ya ce, "Iya, haka kasuwa take." Da yamma wannan mutum zai ɗauko wani kwanon da aka bubbuge wa gindi ya sayar wa mai iyali. Kwano biyu, na saye daban, na sayarwa daban. Shi ya kamata a ɗauka a waya, ba mai haƙar rijiya ba.

Kuma kada wani ya ce sikeli ne magani. Wanda ya iya bubbuge kwano zai iya murɗa sikeli. Su kansu masu kimiyyar, a 1999 kumbon Amurka ya salwanta a duniyar Mars don wasu injiniyoyin sun yi lissafi da awon fam, wasu da awon mita. Awo biyu a aiki ɗaya, shi ne dai ciwon.

Mu da muke da sura sukutum a kan masu tauye mudu, mu da aka ba mu labarin mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu, bai kamata a koya mana wannan ba. Zakkar fidda kai ma ba da kilo ta zo ba. Sa'i ɗaya ne, mudannabi huɗu, kowane mudu cikin tafi biyu na matsakaicin mutum. Shi ma za ku ɗauka a bidiyo?

Af, da na ambaci mudannabi. Kakata tana da wani na ƙarfe da take naɗewa a tsumma, ba ya fitowa sai ƙarshen azumi, duk unguwa shi ake zuwa aro. Tun rasuwarta nake cigiyarsa a cikin dangi, kowa ya ce yana wajen wane. Duk wanda yake hannunsa, don Allah ya dawo da shi gidan kafin Ramadan.